Yaushe Baƙo Ke Kwance Kayansa?

Mu da muka tashi a Kabara, kudu da gidan Sarki, ba kasafai muke tsayawa mu tambayi kanmu inda sunan unguwarmu ya samo asali ba, domin abin da mutum ya buɗe ido ya tarar ba ya ba shi mamaki. Amma manya sun sani, kuma masu tarihi sun rubuta, cewa Kabara ta asali wani ɗan gari ne a bakin kogin Kwara, a ƙasar Mali ta yanzu, wanda shi ne mashigin jiragen ruwa na birnin Tumbuktu. Daga can ne Malam Umaru, wanda aka fi sani da Malam Kabara, ya taso ya zo Kano wajen ƙarshen ƙarni na 18, ya sauka a nan, har wurin ya ci sunan garinsu. Daga tsatsonsa Shaihu Nasiru Kabara ya fito, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 1996. To yau wa zai buɗe baki ya kira zuriyar Malam Kabara baƙi a Kano? Ashe ke nan mu da muke tinƙaho da zama 'yan cikin ganuwa, muna kwana muna tashi ne a unguwar da baƙo ya kafa, mai ɗauke da sunan wani gari na bakin ruwa.

Abin da ya tuno mana da wannan shi ne wani tsohon ɗalibinmu da ya zo gida lokacin Maukibi, bayan ya shekara tara yana sana'ar kayan gwari a Ikko. Da aka gama zagaye, ƙarar bandiri ta lafa, ya zo gaishe mu a zaure. Muka yi masa tambayar da kowa ke yi wa wanda ya dawo daga Kurmi, wato yaya zaman baƙunta. Sai ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Wallahi Malam, na saba." Yadda ya faɗe ta, sai ka ce mai amsa laifi a gaban alƙali. Tun daga ranar wannan kunya tasa take damunmu. Me ya sa Bahaushe zai ji nauyin cewa ya saba da garin da yake ci yake sha a cikinsa? Shin sabo da garin wasu cin amanar gida ne, ko kuwa ƙin sabon ne laifin?

Kafin mu yi nisa, bari mu duba abin da ake kira sabon nan, domin ba a rana ɗaya yake sauka ba, kuma ba da manyan abubuwa ake gina shi ba. Wanda ya baro Kano ya sauka Ikko, teku ba ita ce ke fara rikita shi ba. Teku kallo ɗaya ce. A da akan kai baƙo Bar Beach ya tsaya ya yi salati, ya ɗanɗana ruwan ya tofar, a dawo da shi masauki, kuma ko wannan wurin ma yanzu an cike shi da yashi ana gine-gine. Abin da ke gajiyar da shi ƙanana ne. Gishirin da ya ajiye a gwangwani ya jiƙe ba tare da an zuba masa ruwa ba. Kwadon ƙofa ya yi tsatsa cikin 'yan makonni. Takalmin fatar da ya sayo a kasuwar Kurmi ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Ya wanke riga da safe ya shanya, har magariba tana da laima, alhali a gida kafin ya gama wanke ta uku ta farko ta bushe. Ruwan sama kuwa, wanda a wajenmu baƙo ne na wata huɗu da ake yi wa addu'a ya zo, a can yakan fara tun wajen Afrilu ya kai Oktoba, a watan Yuni kuma sai dai a yi addu'a ya tsagaita. Hatta rana ba ta bin agogon da ya saba da shi. Ikko tana yamma da Kano da wajen digiri 5, saboda haka azahar takan makara da kimanin minti 20, ga shi kuwa agogon ƙasa ɗaya ne. Mai azumi a can yakan ji labarin an sha ruwa a gida shi yana nan yana duban sama.

Sai kuma mutane. Ya shiga danfo ya yi sallama ba wanda ya amsa, kwandasta na kiran sunayen unguwanni da saurin da kunnensa bai iya rarrabewa. Ya tsaya zai yi doguwar gaisuwa irin tamu, ta gajiya da iyali da sanyi, ya tarar wanda yake gaisarwa ya riga ya yi gaba. Sai ya yanke hukunci a ransa cewa mutanen nan ba su da mutunci. Zai ɗauki watanni kafin ya gane cewa Bayarabe ma gwanin gaisuwa ne, yana da gaisuwar mai zaune da ta mai aiki da ta wanda aka kwana biyu ba a gani ba, illa iyaka wanda ya fito tun kafin asuba don ya tsere wa cunkoso a kan gada ba shi da lokacin tsayawa. Duk wata bakwai ɗin farko, in ji ɗalibin nan namu, lissafi yake yi. Kome ya saya sai ya auna da kuɗinsa a Rimi ko Sabon Gari, kome ya ci sai ya gwada da tuwon gida. Ya ce bai san ranar da ya daina ba. Kawai wata rana ya tsinci kansa yana nuna wa wani sabon zuwa motar da zai hau zuwa Mile 12, har yana yi masa faɗan ya riƙe aljihunsa. A ganinmu a nan sabo yake, wato ranar da mutum ya daina fassara garin zuwa harshen garinsu, ya fara karanta shi yadda yake.

Ba yau Bahaushe ya fara wannan karatu ba. Tun a 1863 wani Bature mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko, yawancinsu bayi ne da suka kuɓuta, ya kafa rundunar da ake lissafa ta a matsayin tushen sojan Nijeriya, kuma tarihin unguwar Obalende yana haɗe da waɗannan sojoji da zuriyarsu. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai tafiyar da fatake ke yi ta watanni ta koma ta kwanaki, shanu na gangarawa, huhunan goro na haurowa, Agege ta zama babban zangon 'yan goro. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, kafin ya shahara da gyaɗa ya zauna a Akra, yana ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. A Akra ɗin ma, Malam Baƙo, wanda asalin gidansu Katsina ne, shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Dubi sunan ma kawai, Baƙo ne ya kafa unguwa.

Kakanninmu sun yi wa baƙunta dabara mai kyau, ita ce zango da maigida. Ka sauka ba ka san kowa ba, a kai ka wurin maigida, ya ba ka wurin kwana, ya ajiye maka kuɗi, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka idan bashi ya shiga tsakani, shi kuma ya ci la'adarsa. Ga masallaci, ga mai shayi, ga mai tuwo, ga wanzami, ga Sarkin Hausawa idan rigima ta tashi. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan ya rubuta littafi a kan wannan tsari a 1969, inda ya nuna cewa amanar da ke tsakanin 'yan zango ita ce jarin da ya riƙe cinikin shanu da goro. Wannan rahama ce babba, kuma duk wanda ya taɓa sauka a tasha da tsakar dare a garin da ba ya jin harshensu ya san darajarta. To amma fa inuwar da ta yi daɗi ita ke hana mutum tashi. Mun san dattawan da suka shekara 30 a Agege, Yarbancinsu bai wuce na ƙirga kuɗi ba, ba su taɓa taka gidan maƙwabcin da ba Bahaushe ba ko da gaisuwar mutuwa. Jikinsu na bakin teku, amma ba su taɓa isa Ikko ba. Akwatinsu na nan a ɗaure a kusurwar ɗaki, kullum maganar ita ce, "Bana dai in Allah ya yarda zan tattara."

A nan ne muke so mu ɗauko wata mas'ala da duk wanda ya yi karatun zaure ya sani. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, matafiyi yana da rangwamen yin ƙasaru, ya mayar da salla mai raka'a huɗu biyu. Amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ya tashi daga matafiyi ya zama mazauni, dole ya cika sallarsa. Kwana huɗu kacal. Shari'a ba ta tambaye shi ko yana son garin ba, ko abincinsu ya karɓe shi, ko an ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Ba mu kawo wannan don mu yi fatawa ba, mu ba malaman fiƙihu ba ne, alli muka sani. Mun kawo shi ne don hikimar da ke ciki: rangwame na mai wucewa ne, wanda ya zauna kuwa cikakken nauyi ya hau kansa. To dattijon nan namu na Agege tun makon farko yake cika sallarsa, babu shakka. Amma a sauran al'amuran rayuwa ƙasaru yake yi har yau. Ana gayyar yashe kwata a layi, ya ce shi baƙo ne. Ana taron iyayen yara a makaranta, shi baƙo ne. Haƙƙin maƙwabci, wanda addini bai ce sai mai jin harshenka ba, ya rage shi zuwa raka'a biyu. Kuma abin da ya fi ciwo, a gida ma ƙasarun yake yi, domin matar da ya bari a Kano tana ganinsa sau ɗaya ko biyu a shekara, 'ya'ya sun girma sun san muryarsa a waya fiye da fuskarsa. Can ya ce shi na nan ne, nan kuma ya ce aiki ya riƙe shi can. Mutum ɗaya, gari biyu, babu inda ya ɗauki cikakken kaya.

Mun san mai karatu zai ce mun yi wa bawan Allah tsanani, kuma yana da gaskiya. Wanda ya ƙi kwance kaya ba wawa ba ne, tarihi ya karanta. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, mutanen da aka haifa a zangunan Kumasi da Akra suka bar gidaje da shaguna suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da wasunsu ba su taɓa gani ba. A Janairun 1983 mu ma muka rama, gwamnatin Shagari ta kori baƙi, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. A cikin gida kuwa, Hausawan Shagamu sun yi zuriya bayan zuriya suna cinikin goro a can, amma a Yulin 1999 rikici ya tashi aka kashe mutane aka ƙone dukiya. Aka sake a Idi-Araba a Fabrairun 2002, aka sake a Mile 12 a Maris na 2016. A Yunin 2022 gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, samari da yawa daga Arewa suka wayi gari ba abin yi. Ko ba rikici, yaron da aka haifa a Agege, ya yi makaranta a Agege, idan ya tashi neman gurbin karatu ko aikin gwamnati akan ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, sai ya kamo hanyar garin kakansa. Wanda ake tuna masa kullum cewa shi ba ɗan nan ba ne, da wane baki za mu ce masa ya saki jiki? Hausawa suka ce gida biyu maganin gobara, kuma wanda gobara ta taɓa ci ba a koya masa wannan karin magana.

Sai dai kafin mu nuna wa Ikko yatsa, mu dubi sauran yatsun. Da labarin Shagamu ya iso Kano a wancan wata na Yuli, a kan wa aka huce? A kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, waɗanda wasunsu a nan aka yanke musu cibiya. Sabon Gari ta haura shekara 100 da kafuwa, har yau in muna magana sai mu ce "baƙi mazauna Kano". Abin mamakin shi ne Kano ta dā ba haka take ba. Ayagi ta Yarbawa ce, Tudun Nufawa sunanta ya faɗi masu ita, haka Zangon Barebari, haka Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Duk birnin ya haɗiye su, jikokinsu Kanawa ne ba mai tambaya. Abin da kakanninmu suka iya da Malam Kabara, mu jikoki masu takardun makaranta mun kasa. Sabo igiya ce mai baki biyu, baƙo na riƙe da ɗaya, ɗan gari na riƙe da ɗaya, kuma mu Kanawa mun riƙe kowane bakin, a can muna baƙi a nan muna 'yan gari, saboda haka ba mu da uzurin jahiltar ko ɗaya.

To duk da haka ba mu janye maganarmu ba. Tsoron kora dalili ne na mutum ya gina ɗaki a garinsu, ya riƙa aiko da abin da ya samu, wannan hankali ne. Amma ba dalili ba ne na ya shekara 30 bai san sunan maƙwabcinsa ba. Hasali ma abin da muka sha ji daga waɗanda suka tsira a irin waɗannan fitinu, a Kudu da Arewa, shi ne maƙwabci ne ya ɓoye su, wanda ake gaisawa da shi, aka je sunan ɗansa, aka kai masa naman layya. Katangar zango ba ta taɓa tare wuta ba.

Game da kunyar ɗalibinmu kuwa, muna ganin ta samo asali ne daga wani kuskure da muke yi, na ɗaukar zuciya kamar buhu, wai in an zuba son wani gari sai an zubar da na gida. Sahabban da suka yi hijira zuwa Madina zazzaɓin garin ya kama su, Sayyidina Abubakar da Bilal suka kwanta, Bilal yana ta begen kwarurukan Makka, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa musu Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ba a hana su begen gida ba, kuma ba a ce son sabon wuri butulci ba ne, roƙonsa ma aka yi. Abdurrahman ɗan Aufu da aka yi masa tayin rabin dukiya, godiya ya yi ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, wato ya shiga harkar garin da ƙafarsa. Bayan an buɗe Makka kuma, da yawansu Madina suka koma, can aka binne su.

Ba za mu ɓoye cewa akwai hasara ba. Ɗalibin nan ya zo da ɗansa mai shekara shida, yaron yana jin Hausa amma in ya tashi amsawa sai ya haɗa da Yarbanci da Turancin kasuwa, aka zuba masa miyar kuka ya ce shi teba yake so. Kakarsa ta yi dariya, amma mun ga idonta. Wani abu yana tsinkewa a nan wanda ba a ɗaurawa da hujja, kuma duk mai cewa ba kome bai taɓa ganin tsohuwa na neman hira da jikanta tana rasa ta inda za ta kama ba. Mu da muke koyar da yara mun san harshe ba ya mutuwa don an koyi wani, yana mutuwa ne ranar da uba ya daina yi wa ɗansa magana da shi a gida. Wannan aikin uban ne, ba laifin Ikko ba ne. Amma ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yaron ba zai zama ɗan Kabara irinmu ba, zai zama Bahaushen Agege ne, kamar yadda 'ya'yan Malam Kabara ba su zama mutanen Tumbuktu ba. Wataƙila can ma akwai wata tsohuwa da ta yi irin wannan dariya.

'Yan'uwa marubuta, a nan muna da ɗan ƙorafi a kanmu. A yawancin littattafan da suka zo hannunmu, Ikko wani rami ne da marubuci ke jefa tauraronsa idan ya rasa yadda zai yi da shi, bayan babi biyu ya fito ko da mota ko da halin banza. Ba mu cika ganin wanda ya zauna ya rubuta mana ranar Talata a Agege ba, mace na zuba ƙwayar shinkafa a gishiri don kada ya jiƙe, mahauci na tafiya mayankar Oko-Oba da duhun asuba, mai gadi na koyon gaisuwar Yarbanci daga bakin yaran gidan da yake tsaro. Mutanenmu dubbai suna wannan rayuwa fiye da ƙarni guda, amma alƙalaminmu bai raka su ba, mu ma ƙasaru muke yi.

Ranar da ɗalibin namu zai tafi mun leƙa gidansu yin sallama. Mahaifiyarsa na tsugune a tsakar gida tana ɗaure masa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kowanne a leda biyu, don ya gaya mata iskar can tana lalata su. Wani ƙaninsa ya tambaye shi ko zai ƙara kwana biyu, ya ce a'a, akwai taron iyayen yara ranar Asabar, kuma shi ne ma'ajin layinsu a kuɗin gyaran kwata, gara ya koma gida. Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa, ya dubi tsohuwar da sauri. Ita kuwa ba ta ɗago ba. Ta jawo ledar kukar ta kwance, ta ƙara cikin hannu biyu, ta sake ɗaurewa.